Takalma a Kan Juji

Nu'uman mai gyaran babur a Zango yana da wata hanya ta cire takalmi da ba kowa ya lura da ita ba. Ko a ƙofar masallaci, ko a zauren wani, ko a bakin ɗakin matarsa, sai ya tuɓe su, ya sunkuya ya juya bakinsu waje, yadda in zai fita ƙafa kawai zai zura. Bai san yana yi ba. Abin da mutane suka sani game da shi shi ne haƙurinsa, da ƙarancin maganarsa, da kuma cewa ba ya ƙara wa ɗan acaba aikin da babur ɗinsa bai nema ba. Wasu sun san cewa hularsa kullum a karkace take ta hagu, amma sun ɗauka gayu ne. Hudar da ke kunnensa take rufewa.

Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta binne 'ya'ya huɗu kafin shi, babu wanda ya kai yaye. Irin wannan haihuwar ita ake kira wabi. Tsofaffin wancan lokacin sun yarda cewa ɗa guda ne yake zuwa yana komawa, kuma da ya ga ana ɗokinsa sai ya tattara ya tafi. Saboda haka da aka haifi na biyar, tun kafin suna kakarsa Shatu ta ɗauke shi ta kai shi jujin bayan gida, ta kwantar da shi cikin toka da guntayen kara, ta ɗaga murya ta ce, “Ba mu so, mai so ya ɗauka.” Wata maƙwabciya da aka riga aka shirya da ita ta zo ta tsince shi, ta shigo da shi gidan ta ce ajiya ta kawo. Aka huda masa kunnen hagu don in ya koma ya dawo a gane shi. Ranar suna liman ya raɗa masa Nu'uman, matan gida kuwa suka kira shi Ajuji. Mahaifinsa ya ce wannan canfi ne, amma mutumin da ya tona kaburbura huɗu da hannunsa bai da ƙarfin hana mata abin da zai sanyaya musu zuciya.

Haka ya taso. Ba a ɗinka masa sabuwar riga da Salla, sai kwancen 'ya'yan dangi. In ya faɗi ba a rugowa. In Inna Laraba za ta miƙa masa tuwo, fuskarta na wani gefe. In baƙuwa ta ce, “Kai, yaron nan ya yi kyau,” sai ta taɓe baki ta ce, “Wannan? Baƙo ne, kwana nawa zai yi.”

Bayansa aka haifi Ikrima, aka yi masa duk abin da aka yi wa wansa, har da jujin. Sai dai Ikrima tun a zanen goyo wani iri ne. Kukansa ana jinsa a gida na uku, kuma bai san a ce masa bari ba. Zai hau cinyar Inna Laraba ta ture shi, ya sake hawa ta sake turewa, ya sake hawa, har dariya ta ƙwace mata ta ƙyale shi. Nu'uman kuwa an haife shi da saurin firgita. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai jikinsa ya ɗauki rawa. Sau ɗaya ya gwada hawa cinyar aka ture shi, bai ƙara ba. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙaninsa, yana ajiye abin a ransa. Magana ɗaya aka faɗa wa yaran biyu a tsakar gida ɗaya. Ikrima ya ji ta a matsayin wasan tsofaffi, ya girma yana nuna hudar kunnensa yana ba fasinjoji dariya a motar hayar da yake ja tsakanin Zango da Daura. Nu'uman ya ji ta a matsayin doka, kuma dokar ita ce duk abin da aka gan ka kana so, za a karɓe.

Dokar ta bi shi har gareji. Hannunsa na da kyau, kunnensa ya fi hannun. Babur na shigowa kwana zai gaya maka fulogi ne ko kafireto. Amma in ka yaba aikinsa sai ya nemo masa aibu. Ran da ya sayi babur na kansa, sabo fil, kafin ya hau sai da ya sa ƙusa ya karce tankin. Ba shi da abokin faɗa, ba shi kuma da amini, don da ya ji mutum ya fara shiga ransa sai ya riga shi ja da baya.

Sau ɗaya ya karya dokar, lokacin da matarsa Murja, 'yar garin Dutsi, ta haifa masa ɗan fari. Ya yanka rago babba, ya ɗauki jaririn ya fito da shi zaure yana nuna wa mutane. Yaron bai kai zama ba ya rasu. Nu'uman bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma gareji, kuma abin da ya daɗe yana zargi ya zama tabbas a wurinsa.

Da aka haifi Raihana bai taɓa ɗaukarta ba. Sunanta ma ba ya faɗa, sai “yarinyar nan”. Ran da Murja ta kira shi Baban Raihana ya ce ta daina, ta koma ce masa Malam. Ba ya rage su da komai, hatsi na rumbu, sabulu na nan, amma idonsa ba ya tsayawa a kan 'yarsa. Ita kuwa yarinyar halin Ikrima ta ɗauko. Tun tana rarrafe take binsa. Da ta fara tafiya sai ta gano takalmansa da ke fuskantar waje, kullum ta zura ƙananan ƙafafunta ciki ta ja su ƙiii zuwa zaure, sai an kamo ta. Yakan ji ƙarar daga ɗaki, ya yi kamar bai ji ba.

A daminar da Raihana ta shiga shekara ta uku, ranar kasuwa, ya je sayen bututun taya sai ya ga wasu 'yan takalman roba ja a shimfiɗar wani mai koli, irin masu ƙara ƙiƙ-ƙiƙ in an taka. Ya wuce su, ya dawo. Bai san lokacin da ya sa su a aljihu ba. Da yamma a ƙofar gida ya durƙusa ya sa mata da hannunsa. Ta taka ta ji ƙara, ta tsaya cak, ta sake takawa, sai ta kwasa da gudu tana ƙyalƙyala dariya ta nufi titi.

“Raihana, zo nan,” in ji shi, shi ma yana dariya.

Wata tsohuwa da ke wucewa da itace a ka ta tsaya ta ce, “Tubarkalla, Ajuji, 'yarka ta zama mutum.”

Dariyarsa ta ɗauke. Ya duba hagu da dama kamar wanda aka kama da kayan sata. Gero ya kai ƙirji a gonakin bayan gari, iska na kaɗa shi, babu kowa a layin sai tsohuwar. Duk da haka ya ji a jikinsa an ji.

Kafin kasuwa ta zagayo zazzaɓi ya kama yarinyar.

Murja ta aika kemis aka sayo magani. Zafin ya sauka da rana, ya dawo da yamma, ya sake sauka, ya sake dawowa fiye da na da. Raihana ta daina cin tuwo, ta daina shan kunu, daga baya ta daina kuka ma, sai ta kwanta lamo a tabarma tana bin mutane da ido. Nu'uman ya san abin da ya jawo, kuma ya san maganinsa, don shi aka yi masa ya rayu. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya ɗauki jajayen takalman daga bakin ɗaki, ya zagaya bayan gida, ya wurga su kan juji. Ya tsaya ya ce a hankali, “Ba mu so.” Bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna maɗaci. Daga ranar ya riƙa fita tun kafin ta farka, in ya dawo ya bi ta gefen tabarmar bai dubi ƙasa ba.

Wata safiya Murja ta tare shi a bakin ƙofa.

“Malam, dubi tafin hannunta.”

“Zazzaɓin damina ne, kowane gida ana yi.”

“Ban ce ka dubi kowane gida ba. Na ce ka dubi hannun 'yarka. Ya yi fari kamar an wanke shi da toka. Mu kai ta asibiti Daura.”

“A ƙaro maganin kemis.”

“An ƙaro. Amai take yi da shi.” Ta rage murya. “In ba za ka kai mu ba, ka ba ni izini in tafi da kaina.”

“Kar ki tara mata jama'a, Murja. Kar ki ɗaga hankali a kanta. Ki bar ta kamar ba komai.”

Ta daɗe tana kallonsa. Murja mace ce mai kawaici, ta zauna da shi shekaru tana fassara shirunsa da kunya. A ranar sai ta ga kamar ba ta taɓa sanin mutumin da ke tsaye gabanta ba. Ya zura ƙafa a takalmansa ya fita.

Hantsi ya yi, hadari na haɗuwa ta gabas, sai ga motar Ikrima ta tsaya a gaban garejin, babu fasinja ko ɗaya. Murja ce ta kira shi a waya. Ya fito yana kaɗa makulli a yatsa.

“Yaya Ajuji, sarkin sifana. Har yanzu ba ka gyara karcen tankin nan ba? Mai gyara da babur kamar an ƙwato shi daga bakin kura.”

“Me ya kawo ka da safiyar nan, ba lodi?”

“Lodi na zo ɗauka. Fasinja biyu, uwa da 'ya, sai kai na uku in ka ga dama.”

Nu'uman bai ɗago daga sarƙar da yake ɗaurewa ba. “Ba inda za ta.”

“Na shiga na gan ta, Yaya. Na kira ta ba ta ko juyo ba. Raihana fa, wadda ke cire mini hula.”

“Shi ya sa na ce a ƙyale ta. Ku ne kuke ta kiran sunanta, kuna ɗaga ta sama. Ni ma na yi kuskure na biye muku.” Ya ajiye sifanar. “Kai ka manta yadda aka yi muka rayu? Huɗu aka so, huɗu suka tafi. Mu da aka yar, ga mu.”

Ikrima ya fara dariya, don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar wansa sai dariyar ta mutu. Ya shiga mota ya ja.

Bai jima ba ya dawo, Inna Laraba na zaune a gidan gaba na motar. Tunda aka buɗe garejin ba ta taɓa tako shi ba. 'Yan acaban da ke zaune a benci suka miƙe suka gaishe ta, suka ja gefe. Ta fito da ƙyar tana dafa ƙofa, ta tsaya a cikin baƙin mai da tsummoki, mayafinta na kaɗawa a iskar hadari. Nu'uman ya durƙusa.

“Inna, da kin aiko na zo.”

“Tashi. An ce ka ce yadda aka yi maka za ka yi wa yarinya.”

Ya miƙe, kansa a ƙasa.

“To, gaya mini yadda aka yi maka. Shekarar da ka yi ƙyanda, kana kamar ita, me ka tuna?”

Ya tuna, don bai taɓa mantawa ba. Zafi ne, da rana a tsakiyar kansa, da warin zanen goyo, da muryarta tana fita ta bayanta tana shiga ƙirjinsa.

“Kina cewa in zan tafi in tafi, kin gaji.”

“Na faɗa. Da ƙarfi ma na faɗa. A ina muke lokacin?”

 Maganar ya riƙe duk tsawon shekarun nan. Bai taɓa tambayar kansa me ya sa yake goye, ko ina aka nufa da shi a cikin ranar ba.

“A hanyar Daura muke,” in ji ta. “Babu mota ranar, a ƙasa na tafi. Ina tafe ina zaginka don abin da muke tsoro ya ji ya ƙyale ka, ƙafata kuwa ba ta tsaya ba sai a ƙofar asibiti. Baki na hana ka, Nu'uman. Ban hana ka ƙafata ba.” Ta gyara mayafi. “Kuma bakin ma jahilci ne, Allah Ya yafe mana. Rai na Allah ne, ba ya jin zagi, ba ya jin yabo. Mu muna yi don wani abu ya ji, ashe kai ne kake ji.”

Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa na yanka a bakinta. Bai ji daɗi ba, tsoro ya ji, irin wanda yake ji in an yaba aikinsa. Amma a ƙarƙashin tsoron wani lissafi ya fara, na kwanakin da yarinyar ta yi a tabarma, kuma wannan ya fi na farkon nauyi.

“Shiga mota,” in ji Inna Laraba.

A gida suka tarar Murja ta riga ta sa hijabi tana zaune a tsakar gida, yarinyar a cinyarta. Ta yunƙura za ta tashi da ita. Nu'uman ya sunkuya ya karɓi 'yarsa. Bai taɓa sanin nauyinta ba, saboda haka bai san nawa ya ragu ba, amma abin da ya ji a hannunsa bai kai tayar babur ba. Kanta ya langaɓe a kafaɗarsa, numfashinta na fita gajere-gajere a wuyansa, daidai ƙasan kunnen da aka huda.

Ikrima bai yi wasa ko ɗaya ba a hanya. Gonaki na wucewa kore shar, sama ta yi baƙi ƙirin a bayansu tana binsu. Murja na karanta addu'a a ƙasan maƙoshi. Nu'uman ya kafa ido a gilashin gaba. Wani abu a cikinsa na ta ce masa ya sassauta riƙon, kar a ga yadda ya ƙanƙame ta. Bai sassauta ba, bai kuma dube ta ba.

A asibiti wata nas ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta dubi cikin, ta dubi iyayen.

“Tun yaushe take haka?”

 Murja ta sunkuyar da kai, ba ta dubi mijinta ba, kuma rashin dubawar ya fi masa zagi ciwo.

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye mata jini, sai an ƙara mata yanzu. Aka gwada na Nu'uman ya yi daidai. Ya kwanta a wani gado mai sanyi aka soka masa allura, yana kallon jininsa na bin siririn bututu yana taruwa a leda. Da aka gama ya tambayi likitan ko za ta tashi.

“Kun makara da kawo ta,” in ji likitan, ba da faɗa ba. “Mun yi abin da za mu iya. Sai mun ga yadda jikinta zai karɓa. Ku yi ta addu'a.”

Ruwan ya sauko bayan azahar, mai ƙarfi, har ba a jin magana a ƙarƙashin kwanon ɗakin yaran. Nu'uman na tsaye a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa tun yana yaro. Daga nan yana hango ledar jinin a rataye, da hannun Raihana da aka ɗaure da filasta, da wani gado a can ƙarshe da aka naɗe katifarsa ɗazu bayan wata mata ta fita tana kuka.

Wajen la'asar yarinyar ta motsa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi uwarta, ta dubi rufin ɗakin, leɓɓanta suka yi motsi. Murja ta kai kunne.

“Me ta ce?” in ji Inna Laraba.

“Takalmanta take tambaya.” Murja ta share fuska da gefen hijabi. “Na neme su har ƙarƙashin gado, ban san inda suka shiga ba.”

Idon yarinyar ya sake rufewa. Nas ɗin ta zo ta taɓa goshinta, ta duba bututun, ta ce kar su saki jiki tukuna, irin wannan yakan yi kamar ya lafa ya dawo, sai an ga wayewar gari. Ta ce a kawo tabarma da bokiti da abin ruwan zafi, don kwana ya kama su.

“Ni zan ɗauko,” in ji Nu'uman, tun kafin Ikrima ya buɗe baki.

Ya isa Zango a motar haya ruwa ya ɗauke, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ya biya gareji ya ɗauki babur ɗinsa. Gidan shiru, tabarmar yarinyar na nan a tsakar gida ta jiƙe sharkaf. Ya haɗa abin da aka ce, ya ɗaure a bayan babur. Ya riga ya sa makulli sai ya zare, ya zagaya bayan gida.

Ruwa ya zabtare jujin, toka ta zama taɓo. Ya sa kara yana tonawa. Ya samu ɗaya a gindin wata tumfafiya, ɗayan kuma can ƙasa, akuya ta tauna igiyarsa. Yana tsugune da su a hannu ya ji tsikar jikinsa ta tashi, kamar akwai mai kallonsa daga cikin geron da ke bayan katanga. Ya daɗe bai motsa ba. Wayarsa na aljihu, ba ta yi ƙara ba, kuma bai san ko shirunta alheri ba ne.

Ya koma tsakar gida, ya ɗebo ruwa a randa, ya tsuguna a bakin magudana. Ya sa sabulu ya wanke su ciki da waje, ya sa tsinke ya ƙwaƙule taɓon da ya shiga ƙasansu. Ya matsa na dama ya yi ƙiƙ, ya matsa na hagu ruwa kawai ya fito. Ya yarfe su, ya goge da gefen rigarsa, ya sa su a ledar da ke kan bokitin.